Akin Euba: Makaɗin Fiyanon Da Ya Koya Wa Kayan Kiɗan Turawa Maganar Ganga

Farfesa Akin Euba makaɗin fiyano ne, matsarin kiɗa, kuma masanin kaɗe-kaɗen Afirka. An haife shi a Legas ranar 28 ga Afrilu, 1935, ya rasu ranar 14 ga Afrilu, 2020. An fi saninsa da salon da ya ƙirƙiro na kaɗa fiyano ta yadda za ta yi amo irin na gangunan Afirka.

Karatu da aiki

Mahaifinsa ne ya fara ɗora hannunsa a kan fiyano tun yana yaro. A 1952 ya tafi Kwalejin Kiɗa ta Trinity da ke Landan, inda ya ƙware a kan kiɗan fiyano da kuma tsara kiɗa a rubuce bisa ƙa'idar Turawa. Da ya dawo gida, ya kama aiki a Gidan Rediyon Najeriya, har ya zama shugaban sashen kiɗa. Wannan aiki ne ya kusanta shi da makaɗan gargajiya, ya kuma sauya masa alƙibla.

A 1962 ya nufi Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a Amurka don nazarin kiɗan al'ummomi. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Gana a 1974, a kan kiɗan dundun na Yarbawa. Ya koyar a Jami'ar Legas da ta Ife, ya yi bincike a Bayreuth ta Jamus, sannan ya riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Pittsburgh daga 1993 zuwa 2011.

Salonsa

Matsalar da ta tsaya wa makaɗan Afirka masu ilimin boko a rai ita ce: mutum ya shafe shekaru yana koyon kiɗan Turawa, ya dawo gida ya tarar jama'arsa ba su jin abin da yake kaɗawa. Euba ya ga mafita a jikin fiyanon kanta. Maɓallanta 88 ne, kuma duk wanda aka danna, ƙaramar guduma ce ke dukan tsirkiya a ciki. Ke nan fiyano ma abin duka ce, 'yar'uwar ganga.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane manufarsa ba. Dundun ɗan'uwan kalangu ne: makaɗi na matse tsirkiya ko ya sassauta, amo ya hau ko ya sauka, har a ji take ko kirari ƙarara. Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana. Wannan hawa da sauka Euba ya ɗauko ya zuba a kan fiyano, tare da maimaita gajeren kari, da amsa-amo irin na jagora da 'yan amshi, da sarƙa kiɗa biyu a lokaci ɗaya, hannun dama da nasa, na hagu da nasa.

Ayyukansa

Daga cikin kiɗansa na fiyano akwai "Scenes from Traditional Life" na 1970, da "Wakar Duru" na 1987, wanda ya saka karin waƙar Gwari a cikinsa. Ya tsara wasan waƙa mai suna "Chaka", bisa waƙar da tsohon shugaban Senigal, Leopold Senghor, ya rubuta kan Sarkin Zulu. Littafinsa kan dundun ya fito a 1990.

Magadansa

Joshua Uzoigwe na cikin waɗanda suka bi sawunsa, inda ya ɗauko nasa karin daga kiɗan Ibo. A yau, Rebeca Omordia, makaɗiyar fiyano da mahaifinta ɗan Najeriya ne, mahaifiyarta kuma 'yar Romaniya, tana kaɗa ayyukan Euba a manyan zauruka. A 2019 ta kafa jerin tarukan kiɗan Afirka a Landan, inda ake gabatar da irin wannan kiɗa kowace shekara.