Yatsan Manomi da Gilashin Bature: Yadda Wayar Shafa Ta Zo Daura

Ranar Asabar, 28 ga Maris, 2015, idon Nijeriya yana kan garuruwa biyu. A Daura, Janar Muhammadu Buhari ya fito mazaɓarsa ta Sarkin Yara, aka tantance shi, ya jefa ƙuri'arsa. A Otuoke ta Jihar Bayelsa kuwa, shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya tsaya gaban 'yan jarida ana ta gwada masa na'urar tantance masu zaɓe, ɗaya bayan ɗaya, duk suka ƙi. Daga ƙarshe sai da aka koma ga takarda da biro. A wannan rana hukumar zaɓe, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta ba da izinin a tantance mutane da hannu a duk inda na'urar ta gaza.

Abin da ya faru da shugaban ƙasa sau ɗaya, har duniya ta ɗauka, shi ne ke faruwa da dattijon ƙauye a Sandamu ko Zango kowace safiyar hunturu, ba wanda ya ji. Ya shafa wayarsa don ya amsa kiran ɗansa, gilashi ya yi biris da shi har kiran ya katse. Ya miƙa wa jikansa, yaro ya taɓa sau ɗaya ta buɗe. Sai dattijo ya ce, "Abin naku ne na zamani." Ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Tarihin wannan gilashi yana nuna cewa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Gilashin ba ya jin taɓawa

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, sikirin ɗin wayar zamani ba ya jin nauyin yatsa. Ko ka danna da ƙarfin da zai fasa shi, ba ƙarfin yake aunawa ba. A ƙarƙashin gilashin akwai siraran layuka da ido ba ya gani, an jera su a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma, kowane yana ɗauke da ɗan ƙaramin cajin lantarki. Jikin ɗan Adam kuwa yawancinsa ruwa ne mai gishiri, kuma lantarki na bin irin wannan ruwa. Idan yatsa ya kusanci gilashin, sai ya janye wani ɓangare na cajin da ke daidai wurin, ƙwaƙwalwar wayar ta lissafa inda aka sami ragin, ta ce nan aka taɓa.

Ke nan wayar tana neman fata mai laushi da ɗan danshi. Fatar da ta yi kanta saboda riƙon ƙotar fartanya, ko ta bushe ta yi kaushi, takan zama shinge tsakanin ruwan jiki da gilashi. Yatsan yana nan, amma a lissafin wayar babu kowa.

Daga ɗakin rada zuwa aljihu

Wannan dabara ta girmi wayar hannu da shekaru masu yawa. A 1965 wani injiniya mai suna E. A. Johnson, da ke aiki a cibiyar binciken rada ta gwamnatin Ingila a garin Malvern, ya wallafa bayanin sikirin da ke gane yatsa ta hanyar lantarkin jiki. Ya yi shi ne domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. A farkon shekarun 1970, Frank Beck da Bent Stumpe suka ƙera irinsa a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba. Duk waɗanda aka yi wa na'urar ma'aikatan ofis ne, masu zama a ɗaki mai sanyi, waɗanda hannunsu bai san lauje ba.

A cikin shekarun 1970 ɗin dai, wani Ba'amurke, Samuel Hurst, ya bi wata hanya dabam. Nasa sikirin shimfiɗu biyu ne da ɗan rata a tsakaninsu. Idan aka danna na sama ya haɗu da na ƙasa, sai a gane wurin. Wannan bai damu da fatar mutum ba: farce, tsinke, bayan biro, duk ɗaya ne a wurinsa. Wayar IBM Simon da ta shiga kasuwa a 1994 irinsa gare ta, haka ma wayoyin Sin masu ɗan tsinke a gefe da mutanenmu suka taɓa yayi.

A watan Janairun 2007 Steve Jobs ya gabatar da iPhone, ya yi wa tsinken nan ba'a, ya ce yatsa ya isa. Cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu, dabarar Johnson ta kori ta Hurst daga aljihun mutane. An samu haske da sauri da damar taɓawa da yatsu biyu. Abin da aka rasa shi ne sikirin da ke amsa wa kowane hannu.

Isowarsa ƙasar Daura

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, ta ɗauki lokaci kafin ta ratsa ƙauyuka. A shekarar da aka ƙaddamar da iPhone, wato 2007, aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar Sarkin Daura bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. A lokacin, wayar da ke hannun jama'ar masarautar, daga Baure har Mai'aduwa, ƙaramar Nokia ce mai tocila. Madannanta na roba ne masu tudu. Makaho na iya laluba lamba, tsohuwa na iya haddace cewa kore amsawa, ja kashewa. Ta faɗi a kasuwa ta tarwatse, a harhaɗa ta ci gaba da aiki.

Wayar shafa ta game gari ne bayan da Tecno da itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, suka kawo masu araha. Daga kasuwannin waya na Kano, irin su Farm Centre da titin Beirut, kaya suka riƙa gangarowa Daura, su wuce Kwangwalam su shiga Nijar. Tare da su wata sabuwar sana'a ta bunƙasa, ta samarin da ke zaune da ƙaramin tebur da abin narka dalma, waɗanda babban aikinsu canjin sikirin ne.

Daga nan gilashin ya haɗu da yanayin ƙasar, kowane lokaci na shekara da irin fitinarsa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, fata ta bushe, ƙura ta lulluɓe komai, waya ta daina amsawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya hura wa yatsansa iskar baki, ko ya goga shi a goshi, kafin ya shafa. Bai karanta kimiyyar ba, amma ya gano maganin. Da bazara kuwa gumi ne: ɗigon ruwa mai gishiri a kan gilashi yana kama da yatsa a wurin wayar, sai ta buɗe abin da ba a sa ta ba. Zafi kuma kan kumbura tsohon batir, ya turo sikirin daga ciki.

Akwai kuma abin da wasu kan yi wa raha da cewa aljani ya shiga waya, wato a gan ta tana danna kanta, tana rubutu, har ta kira mutane. Sau da yawa hakan na faruwa ne idan tana jone da caja marar kyau, ko da wutar janaretan mai cajin kasuwa. Wutar da ba ta da tsabta takan rikita ɗan ƙaramin cajin da gilashin ke aunawa. A zare cajar, aljanin ya tafi. Sauran musabbabai su ne sikirin na canji mai arha, da gilashin kariya mai kauri da aka manna da ƙura a ƙarƙashinsa.

Daga tawada zuwa lantarki

Da a ce abin ya tsaya ga hira da kallon bidiyo, da ba a ɓata tawada a kansa ba. Amma yatsa ya daɗe da zama shaida a idon hukuma. A 1858 wani jami'in mulkin mallaka a Indiya, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya buga tafin hannunsa a takardar yarjejeniya. Daga nan al'adar ta bi Turawa zuwa sauran ƙasashen da suka mallaka. Wanda bai iya sa hannu da boko ba sai ya dangwala. Tawada ba ta zaɓen yatsa, kuma ko zanen bai fito sosai ba, akwai ɗan Adam a wurin da ya ga wanda ya dangwala, akwai mai unguwa da zai ce ya san shi.

Yanzu na'ura ta gaje wannan kujera. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da lambar BVN mai ɗauke da zanen yatsu. A ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar zama ɗan ƙasa. A 2021 hukumar zaɓe ta fara aiki da BVAS, wadda ita kanta wata babbar wayar shafa ce. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ƙarancin takardun naira ya tilasta wa mai sayar da gero da mai sayar da akuya karɓar tiransifa.

Gaskiya ne cewa abin ɗaukar zanen yatsa dabam yake da sikirin, domin shi layukan fata yake karantawa. Amma abokan gabansu ɗaya ne: bushewa, datti, kanta, da shekaru. Zanen yatsan manomi da maƙeri da majemi da magini yakan goge da aiki, na tsoho kuma yakan dushe. Ƙunshin lalle mai yawa kan hana wasu na'urorin gani, har hukumar JAMB ta sha gargaɗin ɗalibai mata a kan haka. Waɗanda na'urar ta fi ƙi, su ne waɗanda suka fi wahalta wa ƙasa da hannunsu.

Gyara mai yiwuwa ne

Tarihin ya nuna cewa idan mai ƙira ya ga dama, yana iya duba jikin mai amfani. Transsion ta ci kasuwar Afirka ne saboda ta gyara kyamara ta dace da baƙar fata, ta sa gurbin layi biyu da batir mai daɗewa. Hukumar zaɓe ma ta koyi darasin 2015, shi ya sa BVAS ke duba fuska idan yatsa ya ƙi. Wasu wayoyin yau suna da wurin ƙara wa sikirin saurin ji, wanda aka tanada domin masu sa safar hannu a ƙasashen ƙanƙara, kuma yana taimakon hannu mai kanta. Kaɗan ne ke nuna wa iyayenmu inda yake.

Sauran aikin yana wuyanmu, mu da ke zaune a bankuna da asibitoci da ofisoshin fansho da na rajista. Duk tsarin da ya rataya haƙƙin mutum a kan taɓa gilashi, wajibi ne ya tanadi ƙofa ta biyu: fuska, ko lambar da ake dannawa a ƙaramar waya, ko ma'aikacin da ke da ikon cewa na gani na shaida. Shugaban ƙasa ya sami wannan ƙofa a Otuoke cikin ƙasa da awa guda. Tsohuwar da ta biya kuɗin mota daga Baure zuwa Daura, aka ce mata yatsanta ya ƙi ta dawo gobe, ita ma tana da haƙƙin a buɗe mata.