Daga Kunkunniya zuwa Tarkace: Tarihin Sharar Ƙarshen Shekara a Japan

A zamanin Edo (1603–1868), ranar 13 ga wata na goma sha biyu ake share fadar mai mulki a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, daga bisani talakawa ma suka riƙi ranar. Sunan al'adar susuharai, ma'ana kakkaɓe kunkunniya, domin murhu da fitilar mai kan shekara suna baƙanta rufin gidajen katako. Da doguwar gora mai ganye a ka ake sauke ta.

Dalilin aikin ya zarce tsafta. A aƙidar Shinto, Toshigami, abin bautar da ke kawo albarkar shekara, yakan ziyarci gidaje, kuma ba a tarbar babban baƙo cikin dauɗa. Bashi ma ba a so ya tsallaka. Ranar ƙarshe ta shekara 'yan kasuwa ke bin bashinsu gida-gida, kuma a kan tashin hankalin wannan rana Ihara Saikaku ya gina littafin labaransa na 1692.

Zuwan lantarki da gas ya kawar da kunkunniya, amma al'adar ta wanzu da sunan osoji, wato babbar shara. Har yau, kowace 20 ga Disamba, masu ibada a manyan haikalan Honganji na Kyoto kan jeru suna dukan tabarmi da sandunan gora, wasu na korar ƙurar da manyan maficai. A gidaje kuwa abin da ke taruwa ya sauya: tufafi, takardu da kayan da aka saya ba a mora ba. Su ne Marie Kondo ta koya wa duniya rabuwa da su, ita da ta taɓa hidima a wurin bautar Shinto.