Binciken Ƙwayoyin Cutar Kwamfuta a Takardun da Ake Lodawa a Rumbun Yanar Gizo

A Hanwa da Samaru da cikin Sabon Gari, shagunan kwamfuta ba sa rabuwa da jama'a, musamman lokacin rajistar JAMB ko ɗaukar ma'aikata. Kasancewar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta ƙara yawan wannan hada-hada. Mutum yakan kawo takardar haihuwa ko ta shaidar asalin ƙaramar hukuma, a ɗauki hotonta, a loda ta a shafin hukumar da ke nema. Daga nan takardar kan sauka a rumbun ajiya, wato manyan kwamfutoci da ke wani gari, irin na Galaxy Backbone da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006, ko na kamfanoni kamar Google da Microsoft.

Inda haɗarin yake

Fayil mai ɗauke da ƙwayar cuta ba ya yin komai muddin yana kwance a rumbu. Ɓarnar kan fara ne ranar da ma'aikaci ya sauke shi ya buɗe. Sau da yawa wanda ya loda bai san da ita ba, domin filashi guda kan zaga kwamfutoci da dama a rana. Wata cutar tana satar kalmar sirri. Wata kuma tana kulle dukkan takardun ofis har sai an biya kuɗin fansa. Irin wannan ce WannaCry, wadda a watan Mayun 2017 ta shafi kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitoci a Ingila suka ɗage ganin marasa lafiya. Ofishin da ya rasa rajistar filaye ko jerin albashi ta wannan hanya zai daɗe bai farfaɗo ba.

Yadda ake binciken

Tsari mai kyau yana fara ajiye sabon fayil a wani keɓaɓɓen wuri, inda babu mai iya buɗe shi, kamar yadda ake killace sabuwar dabba kafin a haɗa ta da garke. Sai manhajar bincike ta duba ainihin nau'insa, domin suna yana ruɗi: abin da aka rubuta wa takarda.pdf.exe ba takarda ba ce, manhaja ce da za ta fara aiki da zarar an taɓa ta. Bayan haka ana gwada abin da ke ciki da kundin alamomin cututtukan da aka riga aka sani. Wannan kundi dole ne a riƙa sabunta shi kullum. ClamAV, wadda kyauta ce, tana cikin manhajojin da aka fi amfani da su wajen wannan aiki. Idan akwai shakka, akan buɗe fayil ɗin a cikin wata kwamfutar gwaji a ga halinsa. Wanda ya tsallake ne kaɗai ake mayarwa babban rumbu.

Muna jan hankalin jami'anmu cewa binciken yana da iyaka. Fayil ɗin da aka dunƙule aka sa masa kalmar sirri, manhaja ba ta iya leƙa cikinsa. Google Drive kan sanar da mai saukewa cewa bai duba fayil ba idan girmansa ya yi yawa, kuma mutane da dama kan danna su wuce ba tare da karanta gargaɗin ba. Har ila yau, cutar da aka ƙirƙira jiya ba ta cikin kundin yau, shi ya sa ya kamata a riƙa sake binciken tsofaffin fayiloli lokaci zuwa lokaci.

Abin da ya rataya a wuyan jami'ai da jama'a

Shawararmu ita ce shafin kowane ofis ya karɓi PDF da hoto kawai, ya kuma ƙayyade girmansu. Takardar Word da ta nemi a ba ta izinin kunna wani abu kafin a karanta ta, a rufe ta. Masu zuwa shago su roƙi a goge takardunsu daga kwamfutar bayan an gama.

Akwai shafin VirusTotal, wanda aka buɗe a Sifen a 2004, Google ta saya a 2012, yana gwada fayil da manhajoji fiye da 60 a lokaci guda. Yana da amfani, amma kada a loda masa takardun jama'a, domin abin da aka aika masa masu binciken tsaro na iya gani.

Dokar Laifuffukan Yanar Gizo ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaɗa irin waɗannan cututtuka da gangan. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta wajabta wa hukumar da bayanan jama'a suka fita daga hannunta, ta hanyar da za ta iya cutar da su, ta sanar da Hukumar NDPC cikin awa 72. Jami'in da ya ga alamar cuta ya fara cire kwamfutar daga layin intanet, kada ya goge komai, sannan ya sanar da shugabansa domin a kai rahoto ga ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.