Daga Bakin Teku zuwa Kogin Mariga: Tarihin Koyon Aikin Injiniya ta Hanyar Aikin Gayya

Mai yiwuwa wani ya yi mamakin jin an kawo zancen teku a gaban mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba. Yaron da ya tashi a Randagi, can yammacin ƙasar Birnin Gwari, ruwan da ya sani shi ne na rafi da fadama da rijiya, kuma tsakaninsa da gaɓar teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. To, amma muna ganin cewa tarihin ƙoƙarin da ɗan Adam ya yi na samo lantarki daga teku yana ɗauke da wani darasi game da yadda ake horar da injiniya, musamman a shekararsa ta farko a jami'a. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa a wannan takarda ke nan.

Hanyoyin cin moriyar teku uku ne suka fi shahara. Akwai cikar teku da janyewarsa, wanda jan wata da rana ke haddasawa sau biyu cikin kimanin yini da kwana. Akwai raƙuman ruwa da iska ke tayarwa. Sa'an nan akwai bambancin zafi tsakanin ruwan sama da rana ta gasa da ruwan ƙasa mai sanyi. Ta farkon ita ce mafi daɗewa, domin tun ƙarnoni da dama da suka wuce mutanen gaɓar Turai suke tare ruwa in teku ya cika, su sake shi ya juya musu dutsen niƙa in ya janye. Wannan dabara ce Faransawa suka faɗaɗa a bakin kogin Rance, inda aka buɗe tashar lantarki cikin shekarar 1966, mai injuna 24 da ƙarfin megawat 240. Ita ce ta riƙe kambu har shekarar 2011, lokacin da Koriya ta Kudu ta buɗe tashar Sihwa mai megawat 254. Dalilin zaɓen Rance kuwa shi ne, ruwan wurin yakan hau ya sauka da kimanin mita 8, wani lokaci har ya haura 13. A Legas abin bai wuce kimanin mita ɗaya ba, saboda haka wannan hanya ba ta yi mana alkawarin kome ba.

Hanya ta uku ta fi kusa da mu. Wani masani Bafaranshe, Jacques d'Arsonval, shi ya fara kawo shawararta cikin 1881, kuma ɗalibinsa Georges Claude ya gwada ta a Matanzas ta ƙasar Kuba cikin 1930. Injinsa ya ba da kilowat 22 kacal, abin da bai kai ƙarfin da famfunansa ke ci ba, kuma doguwar bututun da ke jawo ruwan sanyi ta yi ta lalacewa a cikin teku. Duk da haka Faransawa ba su saduda ba. A shekarun 1950 sun tsara kafa irin wannan tasha a Abijan, domin akwai wani kwazazzabo mai zurfi a ƙarƙashin teku dab da gaɓar birnin. Tsada ta sa aka jingine shirin, sai ga madatsar ruwa ta Ayame ta fara ba ƙasar lantarki cikin 1959. Watau a Afirka ta Yamma an gwada teku da kogi a kan sikeli, kogi ya rinjaya.

Inda tarihin ya haɗu da batun koyarwa shi ne shekarar 1973, sa'ad da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo. A Jami'ar Edinbara ta ƙasar Sikotilan, wani malami mai suna Stephen Salter ya ƙera wata na'ura da ke sunkuyawa tana ɗagowa a kan raƙuman ruwa, har aka yi mata laƙabi da agwagwa. Ya buga bayaninta cikin 1974, kuma a cikin kwamin gwaji ta kama kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin raƙuman. Cikin 1982 gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, agwagwar ba ta taɓa sayar wa kowa lantarki ba. Mai duban riba zai ce an yi asara. Mu kuwa abin da muke kallo shi ne mutanen da suka fito daga wannan ɗakin gwaji, waɗanda suka koyi aiki da hannuwansu, suna aunawa, suna kuskure, suna sakewa. Ɗaya daga cikinsu, Richard Yemm, shi ya kafa kamfanin da ya ƙera na'urar Pelamis, aka girka guda uku a gaɓar Fotugal cikin 2008. Kamfanin ma ya durƙushe cikin 2014, amma gwanayen da ya horar ba su ɓace tare da shi ba.

A wannan zamani ne kuma ƙasar Denmak ta yi wani abu da ya fi wannan muhimmanci a gare mu. Cikin 1974 ta buɗe jami'a a garin Alborg bisa wani tsari dabam: tun daga zangon farko ana raba ɗalibai ƙananan rukunoni, a ba kowane rukuni matsala ta gaske da malami mai duba su, kuma kimanin rabin lokacinsu a kan wannan aiki yake tafiya, sauran rabin a ɗakin lacca. Ɗalibi yana koyon lissafi ne domin aikin da ke gabansa ya tilasta masa. Wannan jami'a ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin binciken raƙuman ruwa, kuma a kwaminta aka fara gwada ƙaramin samfurin na'urar Wave Dragon kafin a kai babba cikin ruwan Nissum Bredning a 2003. Matsalar teku ta dace da irin wannan koyarwa saboda ba ta da amsa a bayan littafi, kuma mutum ɗaya ba ya iya mata. Tana bukatar mai sanin halin ruwa, da mai sanin ƙarfe da yadda gishiri ke cinsa, da mai sanin lantarki, da mai lissafin kuɗi. Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba. Malalaci yakan fake a bayan 'yan'uwansa, kuma gardama kan yadda za a auna kowa ta kai gwamnatin ƙasar ta hana jarrabawar rukuni cikin 2006, kafin daga baya a maido da ita.

Yanzu sai mu waiwayo gida. Koyar da aikin injiniya mai zurfi a Arewa ya soma ne a Zariya cikin shekarun 1950, a reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, inda ake shirya ɗalibai domin jarrabawar Landan. Wannan reshe ne Jami'ar Ahmadu Bello ta gada da aka kafa ta cikin 1962. A Kaduna kuma makarantar koyon sana'a da aka buɗe cikin 1956 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha cikin 1968. Waɗannan makarantu sun yi wa ƙasa aiki, ba mai musun haka. Sai dai tsarin da muka gada na mai jiran jarrabawa ne: a fara da ka'ida, a jinkirta aiki. Masu masana'antu sun yi ta kukan cewa waɗanda suka gama karatu ba su iya taɓa inji ba, shi ya sa Asusun Horar da Ma'aikata ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai masana'antu cikin 1973. A lura da shekarar. Tsadar man da ta kori Turawa zuwa bakin teku neman mafita, ita ce ta cika mana baitulmali, muka ga sayen inji ya fi ƙera shi sauƙi. Shirin tura ɗalibai ya yi amfani, amma dogon zangonsa sai a shekara ta huɗu yake zuwa, alhali shekarar farko tana ƙarewa a kan lissafi da fizik da kimiyyar sinadarai, cikin ajin da ya cika maƙil. Da yawa daga cikinmu a nan mun koyar da irin wannan aji, mun kuma ga yadda yaro mai hazaƙa yake shigowa da zumuɗi, kafin shekara ta zagayo ya koma mai haddar amsa.

Abin takaicin shi ne, ba haka kakanninmu suke horar da mai sana'a ba. Ɗan maƙera ranar da ya shiga maƙera ake ba shi zugazugi, yana zuga yana kallon launin wuta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, taron magina ne suka ɗaga bakunansa, manya suna ɗora tubali yara suna cuɗa ƙasa suna miƙawa. Aikin gayya ma kowa ya san kunyarsa, kuma wanda ya yi lalaci ana ganinsa a fili. Abin da mutanen Alborg suka mayar tsarin jami'a, mu mun san shi a gona da maƙera, muka bar shi a bakin ƙofar makaranta.

Ruwan da za a yi wannan gayya a kansa kuwa muna da shi. Tun 1923 aka kafa injin lantarki a gangaren Kwal domin ma'adinan kuza na Jos, aka bi da na Kurra bayan 'yan shekaru. Madatsar Kainji ta kammala cikin 1968, ta Jebba cikin 1985, ta Shiroro a kan Kogin Kaduna cikin 1990 da megawat 600, sa'an nan ta Zungeru mai megawat 700 cikin 2023. Dukkansu manyan ayyuka ne da kamfanonin waje suka jagoranta, lantarkinsu kuma birane ya fi nufa. Ka'idar da ke juya injin Rance ita ce ke juya na Shiroro: yawan ruwa da tsawon gangarensa. Ruwa mita ɗaya cikin murabba'in sukari, watau lita 1,000, in yana faɗowa daga tsayin mita ɗaya a kowace daƙiƙa, yana ɗauke da kusan kilowat 10 kafin a cire abin da inji zai ɓatar. Ɗalibin shekarar farko yana iya fahimtar wannan cikin mako guda in an ba shi igiyar awo da agogo.

A ɗauki Kogin Mariga, wanda ya ratsa ƙasar Birnin Gwari ya je ya zuba cikin Kogin Kaduna a Jihar Neja. A ba ɗalibai shida tambaya guda: shin wani rafi da ke zuba cikinsa zai iya kunna firjin ajiye allurar riga-kafi a ɗakin shan magani na ƙauye? Nan da nan za su ci karo da abin da mutanen Rance ba su sani ba. Teku yana cika a kan lokaci shekara da shekaru, amma rafinmu yana tumbatsa a watan Agusta ya koma yashi a watan Maris. Mai yiwuwa amsarsu ta zama a'a, ko kuwa sai an haɗa da farantan hasken rana domin rani. Mu a wurinmu wannan amsa ta cancanci cikakken maki, muddin awo ne ya kai su gare ta.

Ba za mu ɓoye babban cikas ba. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa cikin 1999, ya shafe shekaru yana maɓoyar 'yan bindiga, kuma mutanen Randagi da Kakangi suna cikin waɗanda suka sha wuyar abin. An yi sulhu a ƙarshen 2024 har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, amma ba shugaban sashen da zai tura yara bakin rafi a can ba tare da ya yi tunani sau biyu ba. Kafin hanya ta tabbata, Kubanni tana nan cikin harabar jami'a a Samaru, Galma ma ba ta da nisa, kuma ɗalibin da ya fito daga Randagi shi zai gaya wa rukuninsa watan da rafin garinsu yake ƙafewa.