Jimlar da Ta Raba Malaman Katolika: Tarihin Saɓani Kan Wahayi da Kuɓutar Littafi Daga Kuskure

Gabatarwa

A ranar 18 ga Nuwamba 1965, shugabannin Cocin Katolika da suka hallara a birnin Rum domin Babban Taron Batikan na Biyu suka amince da wata takarda a kan wahayi mai suna Dei Verbum, wato Kalmar Allah. Mutum 2,344 ne suka goyi baya, 6 kacal suka ƙi. Mai duban waɗannan alƙaluma zai ɗauka ijma'i ya ƙullu. Amma takardar ta zama ɗaya daga cikin wuraren da masu riƙo da gado a cikin cocin suke kafa hujja da su cewa shugabanninsu sun kauce wa koyarwar magabata. Wannan maƙala tana bin diddigin saɓanin, domin nuna cewa tushensa tambaya ce guda: idan hukumar addini ta yau ta faɗi abin da ya yi kama da saɓa wa hukumar jiya, wacce za a bi?

Matsayin Magabata

Wajibi ne a fara bambance ma'anoni. A wurin Musulmi, Alƙur'ani zancen Allah ne da lafazinsa da ma'anarsa. A wurin Katolika kuwa, cikar wahayi ita ce Almasihu kansa, littattafan kuma mutane ne suka rubuta su da harsunansu bisa hurewar Ruhu Mai Tsarki. Duk da haka tsohuwar koyarwarsu ta tsaya a kan cewa Allah ne mawallafin littattafan na haƙiƙa, saboda haka kuskure ba ya shiga cikinsu.

Taron Tirento ya zartar a 1546 cewa gaskiyar bishara tana cikin rubutattun littattafai da kuma gadon da ba a rubuta ba, wanda aka karɓo daga Hawariyawa. Wannan raddi ne ga Furotesta da suka ce littafi kaɗai ya wadatar. Taron Batikan na Farko ya ƙarfafa hakan a 1870. Sannan a 1893 Fafaroma Liyo na 13 ya fitar da wasiƙar Providentissimus Deus, inda ya hana a taƙaita hurewa ga al'amuran aƙida da ɗabi'a kawai, ya kuma hana a ce marubucin littafi mai tsarki ya yi kuskure.

Rikicin Zamananci

Abin da ya jawo wannan tsanantawa shi ne hanyar nazarin tarihi da ta bunƙasa a jami'o'in Jamus, wadda take bincikar Baibul kamar kowane tsohon rubutu: wa ya rubuta, yaushe, daga wane tushe. Wani limamin coci Bafaranshe, Alfred Loisy, ya rungumi hanyar har ta kai shi ga ganin cewa aƙidun coci sun tsiro ne sannu a hankali cikin tarihi. Fafaroma Piyus na 10 ya mayar da martani a 1907 da takarda mai la'antar maganganu 65, cikinsu har da cewa hurewa ba ta kare kowane sashe na littafi daga kuskure, da cewa wahayi bai kammala da Hawariyawa ba. Wasiƙarsa ta Pascendi a wannan shekara ta siffanta zamananci da matattarar dukkan bidi'o'i. An kori Loisy daga coci a 1908, kuma daga 1910 aka ɗora wa limamai da malamai rantsuwar barranta daga zamananci.

A wannan zamani ne Hukumar Nazarin Baibul ta Fafaroma, wadda aka kafa a 1902, ta yanke a 1906 cewa hujjojin masu nazari ba su isa su kore jingina Attaura ga Annabi Musa (AS) ba. Piyus na 10 ya wajabta bin hukunce-hukuncen hukumar, ya mayar da saɓa musu babban laifi. Wannan wajabci zai zama makami a hannun masu suka daga baya.

Ƙofa ta fara buɗewa a 1943, lokacin da Piyus na 12 ya umarci malamai da su koma ga harsunan asali, Ibrananci da Girkanci, su kuma lura da nau'in rubutu: shin tarihi ne, ko waƙa, ko misali. Bai janye koyarwar kuɓuta daga kuskure ba, amma ya ba masu nazari fili. Duk da haka, daf da buɗe Taron Batikan na Biyu an dakatar da malamai biyu na Cibiyar Nazarin Baibul ta Rum, Stanislas Lyonnet da Max Zerwick, daga koyarwa. Da wannan zaman ɗarɗar aka shiga taron.

Abin da Ya Faru a Zauren Taro

Daftarin farko, wanda kwamitin Kadinal Ottaviani ya shirya, ya yi magana a kan tushe biyu na wahayi, littafi da gado, ya kuma tabbatar da kuɓuta daga kuskure ba tare da togiya ba. A ranar 20 ga Nuwamba 1962, mutum 1,368 suka zaɓi a dakatar da tattauna shi, 822 suka ce a ci gaba. Adadin bai kai kashi biyu cikin uku da ƙa'ida ta shar'anta ba, amma Fafaroma Yohana na 23 ya janye daftarin da kansa, ya kafa sabon kwamiti a ƙarƙashin Ottaviani da Kadinal Bea. Masu riƙo da gado suna kallon wannan mataki a matsayin ranar da ragama ta kuɓuce musu.

A watan Oktoba 1964 Kadinal König na Biyana ya miƙe a zauren ya kawo misalai na abin da ya ɗauka kurakuran tarihi ne. Linjilar Markus ta ambaci Abiyata a matsayin babban malamin da Dawuda ya je wurinsa, alhali Littafin Sama'ila ya ce Ahimelek ne. Linjilar Matiyu kuma ta jingina wa Irmiya maganar da take cikin Littafin Zakariya. Daftarin da ya biyo baya ya ce littattafan suna koyar da gaskiya mai ceto ba tare da kuskure ba. Masu tsoron zamananci suka ga cewa siffar nan ta ceto ta dawo da taƙaitawar da Liyo na 13 ya haramta. Fafaroma Bulus na 6 ya sa baki a Oktoba 1965, aka sauya lafazin zuwa abin da ma'anarsa take cewa littattafan suna koyar, ba tare da kuskure ba, da gaskiyar da Allah ya so a rubuta saboda ceton mutane. Aka kuma yi ishara a ƙasan shafi zuwa wasiƙun Liyo da Piyus na 12.

Malamin usul zai gane matsalar nan take, domin ta yi kama da saɓani a kan siffa: shin ƙaidi ce mai taƙaita hukunci, ko bayani ne na dalili? Idan bayani ne, duk abin da ke cikin littafi an rubuta shi domin ceto, kuma dukkansa ya kuɓuta. Idan ƙaidi ne, abin da ya shafi ceto ne kawai ya kuɓuta, tarihi da lissafin shekaru suna iya kuskurewa. Kowane ɓangare ya karanta nasa ra'ayin a cikin jimlar, shi ya sa kowa ya ɗaga hannu.

Hujjojin Masu Suka

Sukar masu riƙo da gado ta tattaru a kan abubuwa uku. Na farko shi ne harshen damo da ke cikin waccan jimla, wanda suke ganin da gangan aka bar shi. Suna kafa hujja da abin da ya biyo baya: an soke rantsuwar barranta a 1967, an mayar da Hukumar Nazarin Baibul majalisar shawara a 1971, manyan malamai irin su Raymond Brown na Amurka, wanda ya zama memba a hukumar, sun bi karatun taƙaitawa a fili, takardar hukumar ta 1993 kuma ta ce ba makawa sai da hanyar nazarin tarihi. Tambayarsu ita ce: ta yaya abin da aka hana jiya da barazanar zunubi ya zama darasin makarantar limamai yau?

Na biyu shi ne rashin bayyana ƙarara cewa gado yana ɗauke da aƙidun da babu su a littafi, wanda suke ɗauka sassauci ne domin faranta wa Furotesta. Na uku, kuma mafi girma, shi ne sashe na 8, inda aka ce gadon Hawariyawa yana ci gaba a cikin coci, fahimtarsa tana ƙaruwa ta hanyar nazarin muminai da ɗanɗanonsu na ruhi da wa'azin shugabanni. A kunnen masu suka, wannan muryar Loisy ce a cikin sabuwar riga. Masanin falsafa Romano Amerio ya tattara ire-iren wannan suka a kan sauye-sauyen cocin a littafinsa Iota Unum na 1985.

Fitaccen jagoransu shi ne Marcel Lefebvre, tsohon babban bishop na Dakar, wanda ya kafa Ƙungiyar Piyus na 10 a Suwizalan a 1970. Gaskiya ne cewa ya fi zafafawa a kan sauya tsarin ibada da 'yancin addini da kusantar sauran addinai, amma dukkansu a kan ma'anar gado suke komawa. Da ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Rum ba a ranar 30 ga Yuni 1988, Fafaroma Yohana Bulus na 2 ya bayyana korarsa, ya ce tushen laifin shi ne gurguwar fahimtar gado da ta manta cewa rayayye ne, ya kuma kafa hujja da sashe na 8 ɗin nan.

Amsar Rum da Ƙullin da Ya Rage

Joseph Ratzinger, wanda yana matashin malami ya soki daftarin Ottaviani, ya zama Fafaroma Benedik na 16, ya kuma yi kira a Disamba 2005 da a karanta taron a matsayin gyara cikin ci gaba, ba yankewa ba. Masu goyon bayansa suna nuna cewa Dei Verbum ta tabbatar da ingancin tarihin Linjiloli huɗu, ta kuma ce hukumar koyarwa mai hidima ce ga Kalmar Allah, ba ta samanta ba. Ya ɗage korar bishop ɗin huɗu a 2009, amma saɓanin aƙida bai warware ba. A 2010 shi da kansa ya nemi a ƙara zurfafa bincike a kan hurewa da gaskiyar littafi.

Kowane ɓangare yana da ƙaya a ƙafarsa. Masu riƙo da gado suna dogara da fafaromomin da suka shuɗe domin su saɓa wa mai rai, alhali waɗancan ne suka koyar da wajabcin yi masa biyayya. Ta haka sun faɗa cikin hukunta coci da fahimtar kansu, abin da suke zargin Furotesta da shi. Rum kuma tana cewa babu abin da ya sauya, alhali hukuncin 1906 ba shi ne ake koyarwa a makarantunta a yau ba.

Kammalawa

Ɗalibin nazarin addinai zai amfana da abu biyu. Na farko, amanar ilimi ta hana a ce Cocin Katolika ta yi iƙirarin kuskure a littafinta a 1965, kamar yadda ake ji a wasu muhawarori. Abin da ya tabbata shi ne ta zartar da lafazi mai ɗaukar fuska biyu, kuma malamanta suna saɓani a kansa har yau. Na biyu, lafazin sulhu yana iya tara ƙuri'u a zaure, amma ba ya kashe saɓani, sai dai ya gadar da shi ga 'yan baya. Allah ne Mafi sani.