Kyanwa Da Rumbu: Tarihin Wata Tsohuwar Amana

Ɗan'uwa mai karatu, ko a Agye kake, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ka san kyanwar da ba ta da mai ita. Wasu na ce mata mussa, wasu mage. Da dare tana bin katanga, ta lashe nono, wata rana ta ɗauke ɗan tsako. Shi ya sa ake cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. To, kafin ka ɗauki sanda ko guba, tsaya ka ji yadda aka yi ta zo gidan mutum.

Asalin kyanwa dabbar daji ce. Har yanzu akwai danginta a dazuzzukan Afirka. Ba wanda ya kamo ta da igiya kamar akuya. Da mutane suka fara noma, sai suka fara ajiyar hatsi. Hatsi ya jawo ɓera, wato kusu. Ɓera kuwa ya jawo kyanwa. Manomi ya ga tana yi masa aiki, sai ya ƙyale ta.

A shekarar 2004, masana daga Faransa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus. An binne mutum da kyanwa dab da juna, kimanin shekara 9,500 da suka wuce. Tsibirin nan ba shi da kyanwar daji tun asali. Ke nan a jirgin ruwa manoma suka kawo ta.

A Masar ta dā, ƙasar alkama, an girmama kyanwa ƙwarai. Wani marubucin Girka mai suna Hirudutus ya je can, shekara fiye da 2,400 ke nan. Ya ba da labari cewa in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan kan aske girarsu don makoki. Har likkafani suke yi mata. A 1888 wani manomi ya tono ramin gawarwakin kyanwoyi a Bani Hasan. Yawansu ya kai har aka kai wajen tan 19 Ingila a 1890, aka sayar a matsayin taki.

A zamanin Musulunci ma ba a wulaƙanta ta ba. Sahabin nan Abu Huraira, ma'anar laƙabinsa mai ƴar kyanwa. Malamai na karantar da hadisin matar da aka yi wa azaba don ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi wakafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyi marasa gida. Bayan shekara fiye da 500, wani Baturen Ingila, Edward Lane, ya tarar alƙalin birnin na sa a ba su nama kullum da la'asar.

Yanzu mu dawo gida. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba. Da ruwa ya dawo, ciyawa ta yi yawa, sai ɓeraye suka hayayyafa. A 1975 da 1976 suka yi ɓarna daga Senegal har Nijar da arewacin Najeriya. Suna tone iri a rami kafin ya tsiro. An sake ganin irin wannan a 1986 da 1987. Kyanwa ba ta iya tsare gona duka. Amma bakin rumbu da ɗakin ajiya, nan ne wurin aikinta. Ko warinta ma na sa ɓera ya yi nesa.

Sai dai kowane abu da iyakarsa. Afirka ta Kudu na da wani tsibiri mai suna Mariyon. A 1949 aka kai kyanwa 5 can don su kama ɓeraye. Ba wanda ya kula da su, suka shiga daji. Kafin 1977 sun kai wajen 3,400. Suka ga tsuntsu ya fi ɓera sauƙin kamu, suna kashe dubban ɗaruruwa kowace shekara. Sai a 1991 aka gama kawar da su, bayan wahala da kashe kuɗi mai yawa. Ka tuna, cikin kyanwa wata biyu ne da ƴan kwanaki, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara.

Me tarihin nan ya koya maka? Kyanwar da aka kula da ita ta rumbu ce. Wadda aka yasar kuwa ta akurki ce.

Saboda haka, in baƙuwar kyanwa na zagaya gidanka, ajiye mata ruwa da ɗan sauran tuwo kusa da rumbu, nesa da kaji. Kada ka ƙosar da ita, don ta ci gaba da farauta. Ka rufe akurki da ɗakin tantabara tun magariba. Ka kife ƙwaryar nono da faifai, ka ɗora dutse. In ta haihu, ka ba maƙwabcin da ɓera ya dama, bayan ƴaƴan sun yi wata biyu.

Ka yi hattara da gubar ɓera. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha guba, ita ma tana iya mutuwa. Kaji da yara ma suna cikin haɗari. In kyanwa ta mutu, ɓeran da ya saura ya samu gari.

Abu na ƙarshe, ba kowace kyanwa ce kyanwar Lami ba, mai ba cizo ba yakushi. Kyanwa ma na ɗaukar ciwon haukan kare. In wadda ba ka sani ba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Sa'an nan ka kai shi likita ran nan, kada a kwana.

Hatsin da ka sha rana ka noma, kada ka bar wa ɓera. Kakannin manoma sun riƙe amanar kyanwa, ita kuma ta tsare musu rumbu. Kai ma ka riƙe.