Daga Igbo-Ora zuwa bautar ƙasa: hidimar ɗalibai iri biyu

Duk hutu mukan tara ɗalibanmu su yashe kwata ko su nome ciyawar maƙabarta, mu ce sun yi wa al'umma hidima. Sun yi kuwa, Allah ya saka musu. Aikin gayya ne, mun gaje shi tun kaka da kakanni. Amma akwai wata hidimar da ke cikin karatun kansa, kuma ta daɗe a ƙasar nan.

A 1963 Jami'ar Ibadan ta buɗe shirin lafiya na Ibarapa a Igbo-Ora, garin nan da ya yi suna wajen haihuwar tagwaye, da tallafin gidauniyar Rockefeller. Farfesa Ogunlesi ne ya fara jagorantarsa. Ɗaliban likitanci sukan bar asibitin koyarwa su tare a can na makonni, su duba marasa lafiya, su bi gida-gida, su ga inda ake ɗebo ruwan sha. A lokacin kurkunu ya addabi yankin. Ɗalibin da ya san cutar a littafi kawai, sai ga shi gaban manomin da ƙafa ta hana shi zuwa gona, ga kuma tafkin da ya sha. Bayan haka ya rubuta rahoto, malamai su tsare shi da tambayoyi, a ba shi maki. Mutanen gari sun samu magani, shi kuma ya koma da abin da allo da alli ba su koya masa ba.

Shekara goma bayan nan, a 1973, gwamnatin Janar Gowon ta kafa bautar ƙasa don ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari. Ita sai an kammala karatu ake tafiya. Aikin raya al'umma da ɗan bautar ƙasa ke yi rana ɗaya a mako yana da amfani, sai dai ba darasi ba ne, babu malamin da zai zauna da shi ya ji me ya fahimta.

Mu wannan na biyun muka fi sabawa da shi. Muna da 'ya'ya masu karanta aikin jinya da ilimin akanta, amma hutu na zuwa tsintsiya muke miƙa musu. Ga littafin asusun ƙungiya ba mai duba shi, ga dattawanmu ba mai auna musu hawan jini, kuma har yau ba mu taɓa tuntuɓar malamansu ba ko za a lissafa musu irin wannan aiki a cikin karatu.